Idan Shugaba Ya Miƙe Zai Yi Magana

Shugaba yana da wata matsala da sauran masu magana ba su da ita: ba mai gaya masa cewa jawabinsa bai yi ba. Malamin aji idan ya gunduri ɗalibai zai gani a fuskokinsu. Lauya idan hujjarsa ta yi rauni alƙali zai nuna masa ranar hukunci. Shi kuwa shugaba, ko na ma'aikata ne, ko na ƙungiya, ko na ƙasa, zai yi sa'a guda yana kewaye-kewaye, a tafa masa, a raka shi har mota, a ce ranka ya daɗe yau ka yi magana. Mutane sun zauna ne saboda kujerarsa, sun yi shiru saboda abincinsu ko saboda kunya, kuma shugabanni da yawa sukan kai ƙarshen wa'adinsu ba su taɓa sanin cewa ba a fahimtar su ba.

Shi ya sa tafi ba ma'auni ba ne. Ma'aunin da na yarda da shi ɗaya ne: wanda ya halarci taron, idan ya fita ya gamu da wanda bai zo ba aka tambaye shi "me aka ce?", me zai iya faɗa? Idan amsarsa ita ce "wallahi ya yi magana sosai", to ba a yi komai ba. Idan kuwa ya ce "daga wata mai zuwa za a yi kaza, saboda kaza, kuma an amsa wa masu cewa kaza", jawabi ya yi aikinsa. Gabatar da baƙo mai jawabi, da tsara jawabin kansa, da kafa hujja a gaban masu ja, duk da wannan ma'aunin ake gwada su.

A fara da gabatarwa, tunda ita aka fi rainawa. Sau da yawa sai an zazzauna ake waiwayawa a ce wa wani, "Malam, kai za ka gabatar da baƙo," a miƙa masa takardar tarihin karatu da aikin mutumin mai shafi huɗu. Shi kuma ya miƙe ya kama karantawa tun daga firamare. Kafin ya kai digiri na biyu rabin zauren ya koma kan waya, baƙon kuma yana zaune yana kallon mintunan da aka ware masa suna zagwanyewa.

Mai sauraro yana zaune da tambaya uku a ransa. A kan me za a yi magana? Ina ruwana da ita? Me ya sa wannan mutumin ne zai yi ta? Aikin mai gabatarwa ya amsa su cikin minti ɗaya zuwa biyu, ya faɗi sunan baƙon daidai, ya sauka. A cikin shafi huɗun nan abu biyu ko uku ne kawai suka shafi batun ranar, su za a ɗauka. A ce likita ce za ta yi wa iyaye bayani kan zazzaɓin yara. Gabatarwar za ta iya zama haka: "Jama'a, kusan kowannenmu ya taɓa kwana zaune da yaro jikinsa zafi rau, yana tunanin ko a jira gari ya waye ko a nufi asibiti yanzu. Yau za mu ji yadda ake gane bambancin. Wadda za ta yi mana bayani ta shekara goma sha biyu a sashen gaggawa na yara, kuma ita take horar da sababbin ma'aikatan jinya a wannan fannin. Ku taya ni maraba da Dakta wance." Ba a ambaci makarantun da ta yi ba, ba a lissafa lambobin yabonta ba, amma duk wanda ke zauren ya gyara zama. Ajiye sunan zuwa ƙarshe ma da dalili, shi ne yake gaya wa jama'a lokacin tafi ya yi, ya gaya wa baƙuwar ta taso.

Abin da ya sa wannan ɗan aikin yake da nauyi yana cikin bayanin da Aristotil ya yi a ƙasar Girka tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ce da abu uku ake shawo kan mutane: da amincin da suka gani a halin mai magana, da abin da maganar ta motsa a zukatansu, da hujjar da ke cikin maganar kanta. Shi a ganinsa daga cikin jawabin ya kamata amincin ya fito, kuma haka ne. Sai dai akwai abin da mutum ba zai faɗa game da kansa ba sai ya zubar da girmansa. Likitar nan idan ta buɗe baki da cewa ta fi kowa sanin wannan fanni, zauren ya juya mata baya. Idan wani ne ya faɗi shekarunta a bakin aiki, an karɓa hannu bibbiyu.

Akwai hanya biyu da mai gabatarwa yake cutar da baƙonsa yana ganin gata yake yi masa. Ɗaya ita ce kirarin da ya wuce kima, irin su "yau za ku ji maganar da ba ku taɓa jin irinta ba". An ɗora wa mutum abin da ba zai iya cikawa ba, ko ya yi ƙoƙari za a ce bai kai yadda aka zuzuta ba. Ɗayar kuma ita ce mai gabatarwa ya kutsa cikin batun ya fara yin jawabin da kansa, ya kwashe manyan maganganun ya bar wa baƙo maimaici, alhali waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A watan Yulin 1988, a babban taron jam'iyyar Demokrat a birnin Atilanta na Amurka, an ba Bill Clinton, lokacin yana gwamnan jiha, aikin gabatar da sunan Michael Dukakis a matsayin ɗan takarar shugaban ƙasa. Ya yi fiye da rabin sa'a, kusan ninki biyu na lokacin da aka ware masa. Wakilai suka ƙosa, kuma tafin da aka fi tunawa a jawabin shi ne wanda ya ɓarke sa'ad da ya ce zai kammala. Wannan mutum ne da duniya ta shaida iya bakinsa, bayan shekara huɗu ma ya ci zaɓen shugaban ƙasa. Baiwar ba ta fishe shi a daren ba, domin ya manta cewa taron na wani ne.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su suke kunyata mutum. A tambayi baƙo tun kafin ranar yadda ake furta sunansa, da muƙamin da yake so a kira shi da shi, da abin da ba ya so a ambata. Jerin gaisuwar manyan baƙi mutum ɗaya ya yi shi sau ɗaya a farkon taro, domin idan masu magana takwas ne kowa sai ya sake lissafo su, an cinye rabin sa'a ba a faɗi komai ba. Bayan baƙo ya gama, godiya jimla biyu ko uku ce, a ambaci abu ɗaya takamaimai da ya faɗa don ya san an saurare shi. Shugaban taron da yake miƙewa ya "ɗan ƙara haske" na minti ashirin, goge abin da baƙon ya bari a kunnuwan mutane yake yi.

Idan aka zo kan jawabin shugaba da kansa, tambayar da za a fara da ita ita ce: me nake so mutanen nan su sani, ko su yi, bayan na zauna? Idan amsar ba ta shiga jimla ɗaya ba, ba a shirya ba tukuna, komai yawan takardun da aka tara.

Ranar 19 ga Nuwamba 1863 aka taru a Getisbag don keɓe maƙabartar sojojin da suka mutu a gumurzun da aka yi a wurin cikin watan Yulin shekarar, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Babban mai jawabi shi ne Edward Everett, wanda yake cikin fitattun masu magana na zamaninsa. Ya yi kusan sa'a biyu, kalmomi sama da 13,000. Shugaba Abraham Lincoln ya biyo baya da kalmomi kusan 270, cikin kimanin minti biyu. Washegari Everett ya rubuta masa wasiƙa yana cewa da zai yi farin ciki a ce a sa'a biyunsa ya kusanci ainihin manufar taron kamar yadda Lincoln ya yi a minti biyu. A yi wa Everett adalci, dogon jawabi aka gayyace shi ya yi, haka ake yi a lokacin, kuma ya ba da labarin faɗan dalla-dalla. Amma Lincoln da magana ɗaya ya zo, cewa masu rai ne aiki ya rage wa, su ƙarasa abin da mamatan suka ba da rayukansu a kansa, kuma kowace jimla tasa wannan maganar take yi wa hidima. Ita ce har yau ake haddacewa.

Musulmi sun san wannan darasi ta wata hanyar. Ammar bin Yasir (RA) ya yi huɗuba gajera mai ratsa jiki, aka ce masa da ma ya ɗan tsawaita, sai ya kawo hadisin nan da Muslim ya ruwaito, cewa tsawon sallar mutum da gajartar huɗubarsa alama ce ta fahimtarsa. Taƙaitawa sai wanda ya san batun har ya gane abin da za a iya zubarwa. Wanda bai gama fahimta ba shi yake kwaso komai, saboda bai san wanne ne mai muhimmanci ba.

Wani abin da yake kashe jawabin shugabanni shi ne karanta rahoton ofis da baki a kira shi jawabi. Mai karatu idan ya ɓace zai koma sama ya sake dubawa. Mai sauraro ba shi da wannan damar, jimla idan ta wuce shi ta wuce. Don haka magana tana son gajerun jimloli, tana son a gaya wa mutane inda aka dosa tun farko, tana son a maimaita babban saƙon fiye da sau ɗaya, abin da a rubuce zai zama aibi. Anas (RA) ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan maimaita magana sau uku don a fahimce ta, A'isha (RA) kuma ta ce yakan yi magana yadda mai ƙirga zai iya ƙirga ta. Alƙaluma ma haka: biyu ko uku kunne zai iya riƙewa, sauran a raba su a takarda. Kuma duk jawabin da ba a faɗe shi da ƙarfi an auna shi da agogo kafin ranar ba, kusan kullum yakan zarce lokacinsa. Hanyar da ta fi aiki ita ce a rubuta shi cikakke, a faɗe shi sau da yawa, sannan a mayar da shi 'yan kanun magana a takarda ɗaya, ido ya samu damar kallon mutane. Inda kalma ɗaya za ta iya tayar da rikici ko ta kai mutum kotu, nan kam a karanta daga rubutu, ba kunya a ciki.

Game da murya da motsin jiki, akwai wata magana da masu horarwa suke yawan maimaitawa, wai kashi 7 cikin 100 kawai na saƙo ne yake cikin kalmomi, kashi 38 a murya, kashi 55 a fuska. Asalinta gwaje-gwajen da wani masanin halayyar ɗan Adam, Albert Mehrabian, ya wallafa a 1967 ne, kuma abin da ya auna ƙunƙuntacce ne: yadda mutane suke gane so ko ƙi idan aka furta kalma ɗaya tak da muryar da ta saɓa wa ma'anarta. Shi da kansa ya yi gargaɗin cewa lissafin bai shafi kowace irin magana ba. Illar wannan ƙididdiga ita ce tana sa shugaba ya kwana yana gyaran tsayuwa da ɗaga hannu, ya bar abin da zai faɗa ba shiri. Murya tana da amfani, amma abin da ake bukata daga gare ta kaɗan ne: a ji ta har baya, kada a yi sauri, a ɗan tsaya bayan an faɗi babbar magana. Wanda ya saurari faifan jawaban Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ake wa laƙabi da mai muryar zinariya, zai lura cewa ba ya ɗaga murya, natsuwa ce da fitar da kowace kalma sarai.

Faɗuwar gaba kuwa ba ta bar kowa ba. Annabi Musa (AS) da aka aike shi wurin Fir'auna ya roƙi Allah Ya warware ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa. Demostenis, wanda Girkawa suke ɗauka gwarzonsu a fagen magana, masu tarihi sun ce da tsakuwa a baki ya riƙa gwaji don gyara furucinsa. Maganin tsoro shi ne sanin jimlolin farko sarai da yawan yi. Har jawabin da ake cewa na nan take ne, da guzurin shekaru ake yin sa. Daren 4 ga Afrilu 1968 Sanata Robert Kennedy, ƙanen tsohon shugaban Amurka John Kennedy, ya hau bayan wata babbar mota a birnin Indiyanafolis na Amurka ya sanar da taron da akasarinsa baƙaƙen fata ne cewa an kashe Martin Luther King, jagoran fafutukar neman 'yancin baƙaƙen fata. Da yawansu daga bakinsa suka fara ji. Ya yi kusan minti biyar. Ya faɗi labarin kai tsaye ba kwana-kwana, ya yarda cewa suna da dalilin fushi, ya tuna musu cewa shi ma an kashe masa ɗan'uwa, ya kawo baitin wani tsohon mawaƙin Girka da ka, ya roƙe su su koma gida su yi addu'a. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya karanta ya yi tunani a kai shekara da shekaru shi ya same shi a daren.

Sai kafa hujja, wanda shi ne ya fi wuya kuma shi ne shugabanni suka fi kaucewa, saboda kujera tana ba su hanyar da ta fi sauƙi, wato umarni. Amma umarni biyayya kawai yake sayowa, kuma biyayyar takan ƙare da zarar shugaba ya juya baya. Mutumin da aka gamsar shi ne yake kare shawarar a inda shugaban ba ya nan.

A 1958 wani masanin falsafa ɗan Ingila, Stephen Toulmin, ya warware yadda hujja take a maganar yau da kullum, kuma rabe-rabensa yana da amfani ƙwarai ga mai shugabantar taro. Akwai da'awa, wato abin da kake so a yarda da shi. Akwai dalili, wato abin da ya faru ko aka gani wanda ka dogara da shi. Sai kuma mahaɗin da ke tsakaninsu, ƙa'idar da ta sa wannan dalilin ya kai ga waccan da'awar, wadda galibi ba a furta ta.

A ce shugaban wata ƙungiyar gama kai yana so a riƙe kashi ɗaya cikin uku na ribar bana a asusun ko-ta-kwana maimakon a raba duka. Da'awa ke nan. Dalilinsa: a shekara biyun da suka wuce injin ƙungiya ya lalace sau biyu, kuma duk biyun sai da aka ci bashi aka gyara. Ya faɗa, ya duba fuskoki, ya ga ba a gamsu ba, sai ya sake faɗa da ƙarfi har da ranakun da injin ya tsaya. Wata dattijuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya musa cewa inji ya lalace, muna nan aka yi. Amma ai bara aka sauya shi da sabo." Wani matashi kuma ya ce, "Baba, ni tun farkon shekara na yi lissafi da wannan kuɗin." Duk su biyun ba su taɓa dalilin ba. Dattijuwar tana ja ne da mahaɗin farko da shugaban bai furta ba, cewa abin da ya faru sau biyu zai sake faruwa. Matashin yana ja da na biyu, cewa asarar cin bashi ta fi ciwon jinkirta rabo. Yawancin gardamar da ke cinye tarurruka a nan take, kowa ya yarda da abin da ya faru, saɓanin yana kan abin da za a fahimta daga gare shi. Shugaban da ya gane haka zai daina maimaita tarihin inji, ya fito da mahaɗinsa fili: sabon inji ma yana lalacewa, ga abin da gyaran ƙarshe ya ci tare da kuɗin ruwa, ga abin da kowane mamba zai rasa idan an riƙe kashi ɗaya cikin uku, ku kwatanta.

Toulmin ya ƙara abu biyu da nake ganin su ne suke bambanta mai hujja da mai kafiya. Na farko, ka faɗi iya ƙarfin da'awarka. Idan "mai yiwuwa" ce kada ka ce "tabbas", domin ranar da tabbas ɗinka ya ƙaryata, maganarka ta gaba ma ta rage daraja. Na biyu, ka faɗi yanayin da zai sa ka janye. Shugaban ƙungiyar nan idan ya ce, "In aka nuna mini cewa takardar garantin sabon injin ta ɗauki nauyin gyara har shekara uku, ni da kaina zan ce a raba duka," ya mayar da zaman daga gwajin ƙarfi zuwa binciken abu ɗaya da za a iya dubawa a takarda.

Malaman Musulunci suna da fanni sukutum a kan wannan, ladubban bincike da munazara, wato muhawara, kuma ɗaya daga ƙa'idojinsa ta isa ta gyara rabin jawaban da muke ji: idan ciro magana ka yi daga wani, ka inganta cirowar, idan kuma da'awa ka yi, ka kawo dalili. Shugaban da yake cewa "bincike ya nuna" ko "masana sun tabbatar" ya ɗauki nauyin ya iya faɗin wane bincike, su waye masanan, idan an tambaye shi.

Abin da ya fi ba mutane tsoro a muhawara shi ne amsa abin da yake gaskiya a ɓangaren abokin hamayya, suna ganin rauni ne. Ranar 20 ga Afrilu 1964, a shari'ar Riboniya da aka yi a Firitoriya ta Afirka ta Kudu, Nelson Mandela ya yi jawabi na kusan sa'a uku daga akwatin waɗanda ake tuhuma, yana sane cewa hukuncin kisa na iya hawa kansa. Tun a farkon jawabin ya ce bai musanta cewa ya shirya lalata kayan gwamnati ba. Da ya kawar da wannan, sai ya samu filin da yake so: ya bi tarihin shekara hamsin na neman haƙƙi cikin lumana wanda bai haifar da komai ba sai ƙarin dokokin danniya, ya bayyana dalilin da ya sa suka zaɓi hanyar da ba ta nufin rasa rayuka, ya kawo bayanin talauci da ƙarancin ilimi da aka ƙaƙaba wa baƙaƙe. A watan Yuni aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Alƙalin bai sake shi ba, amma ba alƙali kaɗai yake yi wa magana ba, kuma da ya ɓata sa'o'in nan yana musun abin da kowa ya sani, da sauran maganar ba ta samu masu yarda ba. Wannan ma ya nuna cewa tsawo a karan kansa ba laifi ba ne idan batun ya ci tsawon.

Haka Ja'afar bin Abi Ɗalib (RA) ya yi a gaban Najjashi sarkin Habasha wajen shekara ta 615, lokacin da Ƙuraishawa suka aiko Amru bin Asi da abokin tafiyarsa da kyaututtuka don a mayar musu da Musulmin da suka yi hijira. 'Yan aiken sun so a miƙa su ba tare da an ji ta bakinsu ba, sarki ya ƙi. Ja'afar ya jera maganarsa bi da bi: ga halin da muke ciki a dā, ga abin da aka kira mu zuwa gare shi, ga azabar da muka sha, ga dalilin da ya sa muka zaɓi ƙasarka. Da aka nemi ya karanta wani abu, ya zaɓi farkon Suratu Maryam, abin da mai sauraronsa Kirista zai gane. Washegari Amru ya taso da tambayar da yake ganin za ta raba su da sarki, wato me suke cewa game da Annabi Isa (AS). Ja'afar bai lanƙwasa amsar don ta yi wa fada daɗi ba, ya faɗi aƙidarsa yadda take. Ya fara da abin da suka haɗu a kai, bai kuma ɓoye inda suka rabu ba, sarki ya ba su mafaka ya mayar da kyaututtukan.

Karkatattun hujjoji suna da yawa, amma uku ne suka fi kama masu mulki. Akwai barin magana a koma kan mai maganar, a ce ai wane dama ɗan adawa ne, ko yaushe ya zo. Ko da hakan gaskiya ne, bai amsa abin da ya faɗa ba. Akwai ƙaga wa mutum maganar da bai yi ba don ta yi sauƙin rusawa: ya ce a rage kashin da za a riƙe, a ce wato so yake ƙungiya ta rushe. Maganin wannan shi ne ka maimaita ra'ayin abokin jayayyarka har sai ya ce "haka nake nufi", sannan ka amsa. Sai kuma ɗaukar abin da ya biyo baya a matsayin sakamako, "tun da muka hau abu kaza ya gyaru". Ko labarin Kennedy da na kawo yana buƙatar wannan taka-tsantsan. Gaskiya ne tarzoma ta ɓarke a birane sama da 100 bayan kisan King, Indiyanafolis kuma ta zauna lafiya, amma wannan kaɗai bai tabbatar da cewa jawabin ne ya yi duk aikin ba.

Motsa zuciya ba haramun ba ne a cikin hujja. Mutane ba sa tashi su yi aiki saboda lissafi kawai, kuma shugaban da yake maganar mutuwar yara da muryar karanta kasafin kuɗi ya yi ƙarya ta wata fuskar. Iyakar ita ce abin da ka motsa ya yi daidai da girman abin da ya faru. Tsoratar da mutane da abin da ka san ba zai faru ba, ko tayar da ƙiyayya ga wasu don a manta tambayar da aka yi maka, wannan ha'inci ne ko da ya yi aiki.

Akwai kuma abin da matsayi yake yi wa muhawara tun kafin a fara. Da zarar shugaba ya faɗi ra'ayinsa a farkon zama, rabin ɗakin ya daina tunanin batun ya koma tunanin yadda zai goyi baya. Idan da gaske ana neman shawara, shugaba ya shimfiɗa matsalar, ya bar na ƙasa su fara, shi ya zo daga baya. Ana danganta wa Imam Shafi'i cewa bai taɓa muhawara da wani ba face yana fatan gaskiya ta bayyana, ko a harshensa ko a harshen abokin muhawarar. Ga mai riƙe da kujera wannan ya fi nauyi, domin shi yana da ikon ya ci gardama ba tare da yana da gaskiya ba, kuma ƙungiyar ce za ta biya kuɗin kuskuren.

Lokacin tambayoyi ma da tsarinsa. A saurari tambaya har ƙarshe, a maimaita ta a taƙaice don na baya su ji, a amsa wadda aka yi. Idan ba a san amsar ba a ce ba a sani ba, a faɗi ranar da za a kawo ta, kuma a kawo. Idan zaman ya ƙare shugaba ya yanke abin da wasu ba su so ba, kada ya tashi taron da "mun gode da shawarwari". Ya faɗi abin da aka yanke, da dalili ɗaya ko biyu da suka rinjaya, ya ambaci hujjar masu ja da ta fi ƙarfi da abin da ya sa ba a bi ta ba, ya sa ranar da za a sake duba shawarar a ga ko ta yi. A zaman ƙungiyar gama kan nan, wannan yana nufin dattijuwar ta ji an kira maganar sabon inji da sunanta an amsa ta, matashin kuma ya fita ya san nawa zai karɓa yanzu, da watan da za a buɗe littafin asusun a gaban kowa.